Amsar tambayar garin furotin na masu ɗaga ƙarfe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Na ga tambayar ƙanenmu da ya fara ɗaga ƙarfe, wai an ce masa in bai sayi garin furotin ɗin nan na cikin roba ba, wahalar banza yake yi. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

To ƙanena, da nauyin jiki ake lissafin yawan furotin, wato sinadarin gina jiki, da mutum yake buƙata. Baligi mai lafiya da ba ya motsa jiki mai tsanani, giram 0.8 yake buƙata a rana kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 70, giram 56 ke nan. Ɗan ƙwallo, ɗan dambe ko mai ɗaga ƙarfe irinka, nasu yana kamawa daga 1.2 zuwa 2.0. Amma a wajen tara tsoka, da an kai kusan 1.6, abin da ake ƙaruwa da shi bayan nan bai taka kara ya karya ba. In kilonka 70 ne, giram 110 da 'yan kai sun ishe ka.

Ina za ka samo su? Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Giram 100 na wake yana ba da sama da 20, gyaɗa wajen 25, waken suya da ake awara da shi ya haura 35. Ɗanye nake nufi fa, don in wake ya dahu ya sha ruwa ya kumbura, lissafin ya sauka. Giram 100 na dafaffiyar tsokar kaza kusan 30 yake bayarwa. Ga kifi, ga nono, ga ƙuli-ƙuli da muke rainawa.

Inda matsalarmu take shi ne malmalar tuwo uku da miyar da ba komai a ciki. Akwai wani sinadarin gina jiki da ya yi ƙaranci a hatsi, wake kuma yana da shi, shi ya sa koko da ƙosai ko shinkafa da wake suka dace. Kuma ka raba cin sau uku ko huɗu, kada ka tara wa dare.

Shi garin nan, yawancinsa daga ruwan madarar da ya rage wajen yin cuku ake samar da shi. Sauƙi ne kawai ga mai kuɗi, ba dole ba ne.

Af, mai ciwon ƙoda kada ya bi lissafin nan, ya fara ganin likitansa tukuna. Ƙanena, turo min nauyinka da abin da kake ci a yini, sai mu lissafa tare. Sai anjima.