Man maramiyya yana kashe ƙwayoyin taifod?

Tambaya: Likita, wata mai sayar da kayan mata a WhatsApp ta sayar mini da man maramiyya, ta ce yana kashe ƙwayoyin cuta. Ta ce in ɗiga wa 'yata mai shekara 6 ɗigo uku a ruwa saboda taifod. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Hajiya, kada ki ba ta ko ɗigo ɗaya.

Da tururi ake tatso man daga ganyen maramiyya, wato Salvia officinalis, tsiron gaɓar Bahar Rum, wajajen Albaniya da Kuroshiya. Manyan sinadaransa su ne tujon, kafur da siniyol, kuma tujon kaɗai kan kai kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari. A ɗakin gwaji kam yana hana wasu ƙwayoyin cuta, irin su Staphylococcus aureus da wasu nau'o'in Candida, yaɗuwa. Amma ƙwayar taifod, Salmonella Typhi, tana da ƙarin fata a waje da ke tare irin wannan mai, don haka ko a farantin gwaji ba ya yi mata abin kirki.

Abin da ke ƙona mini rai kullum shi ne wannan magana ta "ai ganye ne, ba ya illa". Wa ya faɗa? Shayin ganyen daban, man da aka tace daban. Tujon yana toshe hanyar GABA, wato birkin ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kafur kuma ya ƙara. Hukumar magunguna ta Turai ta ƙayyade wa babban mutum miligiram 6 na tujon a rana, shi ma na ɗan lokaci. Ɗigo ɗaya na iya wuce haka. To ina ga yarinya, har ɗigo uku? In ta fara jijjiga sai a ce iska ce ta taɓa ta, a tafi neman mai ruƙiyya, mai sayarwa kuwa ta riga ta canza lamba. Mai ciki, mai shayarwa da mai farfaɗiya, duk su nisance shi. Haka masu cusa shi a gaba wai maganin sanyi: ƙuna kawai suke jawo wa kansu.

Ki kai ta asibiti a yi gwajin jini na shuka ƙwayar cuta, a duba maleriya ma. In kuma har ta riga ta sha, kada ki sa ta amai. Ki tafi da ita yanzu, da kwalbar a hannu.