Dogon ɗan wasa da jifa daga nesa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dogon ɗan ƙwallon kwando zai amfana in ya koyi jifa daga bayan layin maki uku. Zai amfana, amma da sharaɗi.

Duba lissafin. Wanda ke zura 35 cikin jifa 100 daga nesa ya samu maki 105, daidai da mai zura kusan 53 cikin 100 a gindin kwando. Babbar ribar ma ba a hannunsa take ba. Da zarar ya fita waje, dole dogon da ke tsaronsa ya bi shi, sai hanya ta buɗe wa abokansa. Dogon ɗan wasa Brook Lopez sau uku kacal ya zura mai maki uku a kakarsa takwas na farko a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sai ga 134 a kakar 2016-17. A ƙungiyar Milwaukee shi ya riƙa share wa abokin wasansa Giannis Antetokounmpo fili har suka ɗauki kofi a 2021.

Asarar kuwa, dogon da ya fita waje ba ya kusa balle ya cafke ƙwallon da ta dawo daga allo.

Kada a yi gaggawa. In jifan kyautarsa (wanda ake ba shi in an yi masa keta) bai kai 70 cikin 100 ba, a gyara wannan tukuna. Ya fara daga mita huɗu, yana ja da baya taku ɗaya-ɗaya. Kusurwa ta fi kusa: mita 6.60 a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, tsakiya 6.75. Ƙarfin ya fito daga gwiwa. In ya tura da kafaɗa, gwiwar hannu ta karkace, ƙwallon ta tafi a miƙe ta daki ƙarfen bakin kwando.