Amsa ga mai shirin firaktikal ɗin lantarki na fiziks

Ƙanena, ka ce firaktikal ɗin fiziks ya matso, kuma lantarki ne ke ba ka tsoro, domin kana gane zane a takarda, amma da an zube maka wayoyi a gaba sai kai ya kulle. Na daɗe ina taya ɗalibai shirin wannan jarrabawa, kuma wanda ya haddace Dokar Ohm, wato V = IR, amma bai saba riƙe waya ba, rabin lokacinsa a wurin haɗa kaya yake tafiya. Ka roƙi malaminku ya riƙa buɗe muku ɗakin gwaji, ka haɗa da hannunka, ka kwance, ka sake haɗawa har ya zame maka jiki.

Wajen haɗawa, bar makunni a buɗe. Ka fara daga bakin batir mai alamar +, ka bi zanen ɗaya bayan ɗaya: makunni, amita (mai auna ƙarfin gudun lantarki, I), turjiyar da ake gwadawa (abin da ke rage gudun lantarki, R), riyostat (turjiyar da ake iya ƙarawa ko ragewa), har ka dawo bakin −. Sai layin ya cika sannan ka ɗauko boltmita, mai auna boltej (V), ka ɗora wayoyinta biyu a bakuna biyu na abin da ake son aunawa. Amita a cikin layi take zama domin duk lantarkin ya ratsa ta, kuma turjiyarta ƙarama ce ƙwarai. In ka jona ta kai tsaye da bakunan batir, kana iya ƙone ta. Bakin + na kowace mita ya kasance a ɓangaren + na batir. In allura ta yi baya, musanya wayoyin kawai.

Kafin awo, duba ko allura tana kan sifiri, kuma ka ƙirga nawa kowane ƙaramin layi yake nufi. Daga 0 zuwa 1 wata mita layi goma ne, wata kuma ashirin, kuma a nan da yawa suke zubar da maki ba su sani ba. Ido ya kasance daidai saman allura. Rufe makunni, karanta, buɗe nan take, domin waya in ta yi zafi turjiyarta kan canja, batir kuma yana raunana.

In gadar mita aka ba ku, wato allon da ake gano girman turjiya da shi, wayarta santimita 100 ce. Taɓa joki, wato ɗan ƙarfen da ake dangwalawa a kan wayar, a ƙarshen nan, sannan a wancan. Dole allurar galbanomita, mitar da ke nuna ɓangaren da lantarki ke bi, ta karkata hagu a ɗaya, dama a ɗayan. In gefe guda take zuwa, akwai wayar da ba ta kama ba ko haɗin da ba daidai ba, gyara shi kafin ka nemi wurin daidaito, inda allura ke tsayawa a sifiri. Kada ka ja joki a kan waya, yana kankare ta ya ɓata kaurinta. Ɗagawa ake yi a dangwala.

Inda na fi so ka ba da ƙarfi shi ne jadawali da giraf, domin yawancin maki a can suke. Kowane kai a jadawali ya ɗauki ma'auninsa, kamar I/A (I a amfiya) da V/V (V a bolt), kuma lambobin shafi ɗaya su zo da gurabe iri ɗaya bayan ɗigo: 0.40 a rubuta shi 0.40 idan na ƙasa 0.35 ne. A giraf zaɓi sikelin da ke tafiya da 1, 2, 5 ko 10, ka guji 3 da 7, kuma ɗigogin su mamaye fiye da rabin takarda. Ja layi ɗaya miƙaƙƙe da fensir mai tsini, ɗigogi su rabu daidai a gefunansa. Alwatikan lissafin gangare ya zama babba, kuma a kan layin za ka ɗauki lambobinsa, ba daga jadawali ba.

Sannan ka san abin da gangaren yake nufi tun kafin ka zana. Idan aka ce ka zana V a kan I na batir, lissafin shi ne V = E − Ir. Inda layi ya yanke sandar V shi ne E, wato cikakken boltej ɗin batir, girman gangaren kuma turjiyar cikin batir ce, r. Amma fa sai sandar I ta fara daga sifiri, in ba haka ba abin da ka karanta ba E ba ne. Busasshen batir ɗaya kusan 1.5 V yake bayarwa, don haka in ka sami 15, koma ka duba sikelinka. Idan kuma 1/I aka ce a zana a kan R, gangaren 1/E ne.

Matakan kariya da za a tambaye ka, rubuta waɗanda suka dace da kayan da ke gabanka. Kada ka ambaci joki a gwajin da babu gadar mita ko fotenshiyomita (doguwar wayar gwada boltej), mai duba takarda ba zai ba ka komai a kai ba. Allah ya ba da sa'a.