Filogin da aka daina sayarwa aka sake shi kyauta: zan iya dogara da shi a situdiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin situdiyo a Kano, da FL Studio nake haɗa kiɗa. Ina jin ana cewa akwai filogin na kiɗa, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora wa irin su FL Studio don fitar da sauti ko gyara shi, da a da sai da kuɗi ake samun su, amma masu su sun daina sayarwa sun sake su kyauta. Da gaske ne ko tarko ne? In na yi kiɗa da su zan iya sayar wa mawaƙi ba tare da wani ya biyo ni ba? Kuma ba za su mace mini a tsakiyar aiki ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da gaske ne, ba tarko ba ne. Sai dai kalmar "kyauta" ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba, kuma amsar tambayarka ta uku tana cikin bambancinsu.

Na farko shi ne kamfani ya ce na gaji da wannan kayan, ga shi nan ku ɗauka ba sisin kwabo. Abin da ya ba ka shi ne manhajar a dafe. Rubutun asali da aka gina ta da shi yana nan kulle a wurinsa. Haka Steinberg na Jamus ya yi da tsofaffin filoginsa irin su Model E da VB-1. Za ka yi amfani da su iyakar lokacin da kwamfutarka ta yarda da su. Ranar da wani abu ya karye, babu mai ikon gyarawa, ko da a duniya akwai masu iya gyaran su dubu.

Na biyu shi ne a saki rubutun asalin kansa, a ɗora masa lasisin da ya ba kowa damar karantawa, gyarawa da rabawa. Wannan shi ake kira manhaja mai 'yanci. Wancan an ba ka tuwo ne a kwano, wannan an ba ka tuwon har da iri da gonar.

Misalin da na fi sani shi ne Surge. Wani mai rubuta manhaja, Claes Johanson, shi ya gina shi, yana sayar da shi a ƙarƙashin kamfaninsa Vember Audio. Daga baya hankalinsa ya koma kan Bitwig, manhajar haɗa kiɗa da yake cikin waɗanda suka kafa ta a Balin, Surge kuwa ya zauna shekaru ba mai taɓa shi. A watan Satumba na 2018 ya saki rubutun asalinsa da lasisin GPL na 3, ɗaya daga cikin lasisin manhaja mai 'yanci. Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa nake ƙaunar wannan labarin. Mutanen da ba su san juna ba, daga ƙasashe daban-daban, suka taru a kansa ba don albashi ba. Suka gyara kurakuran da suka daɗe, suka sa ya yi aiki a Linux, suka ƙara masa sababbin hanyoyin fitar da sauti da tace shi. A watan Janairu na 2022 suka fitar da Surge XT, wanda ya fi wanda ake sayarwa a da ta kowace fuska, yana zuwa da shiryayyun sautuka sama da 2,000. Yau yana aiki a Windows da macOS da Linux. Waɗannan mutanen dai su ne suka karɓi Shortcircuit, wani tsohon filogin na Vember Audio mai yanka sauti da kunna shi, da kuma Monique da Stochas, waɗanda su ma a da sayar da su ake yi.

Sa wannan kusa da labarin Alchemy. Kamfanin Camel Audio na Birtaniya ne ke yin sa, kuma masu haɗa kiɗa da yawa sun zuba kuɗi a kansa. A farkon 2015 kamfanin ya rufe shago, Apple ya saye shi, kafin shekarar ta ƙare Alchemy ya bayyana a cikin Logic Pro, manhajar haɗa kiɗa ta Apple, wadda ba ta aiki a Windows. Wanda ya saya don Windows ya tsaya da tsohon kwafinsa, babu sabuntawa. Kuɗin da ya biya bai hana hakan ba.

Kada ka ɗauka duk kamfanin da ya ƙi sakin rubutun asali mugunta ce ta sa shi. Sau da yawa a cikin filogin akwai guntayen rubutu da aka sayo lasisinsu daga wani kamfanin, ko sautukan da aka naɗa da yarjejeniyar mawaƙa, ko makullin hana sata da ba nasu ba. Kafin a saki sai an bi an cire su ɗaya bayan ɗaya, aiki ne mai cin lokaci a kan kayan da ya daina kawo kuɗi.

Batun sayar da kiɗanka gajere ne. Lasisin GPL yana magana ne a kan manhajar, ba ruwansa da kiɗan da ka yi da ita. Ka haɗa kiɗa da Surge XT, ka sayar wa mawaƙi, a sa shi a fim ko a talla, naka ne. Sharaɗin yana hawa kan wanda ya gyara manhajar ya kuma raba ta: dole ya ba da rubutun gyaran da ya yi da lasisi iri ɗaya. Inda nake so ka buɗe ido shi ne tarin sautukan da wasu ke rabawa daban, domin kowannensu na iya zuwa da nasa sharaɗin. A irin na farko kuwa, wato wanda aka ba da kyauta amma a kulle, ka karanta yarjejeniyar da ta zo da shi ko da sau ɗaya ne.

Yanzu ga abin da ke kashe filogin, don ka gane shi tun daga nesa. Akasarin tsofaffin an gina su ne da tsarin 32-bit, duniya kuwa ta koma 64-bit. Apple ya daina karɓar manhajojin 32-bit tun macOS Catalina a 2019, a 2020 kuma ya fito da tasa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta M1, wadda ta sake tilasta wa masu filogin sabon gini. A Windows akwai sauƙi, FL Studio ma yana da gadar da yake ɗora tsofaffin filogin a kai, amma gadar na ƙara wa kwamfuta nauyi, in kuma waƙa ta cika da layuka za ka ji sauti na tsinkewa. Ga kuma VST2, tsohon tsarin da filogin ke bi ya shiga manhajar haɗa kiɗa: Steinberg ya daina ba da sabon lasisinsa a watan Oktoba na 2018, shi ya sa Surge XT ke zuwa a VST3, magajin VST2, da kuma CLAP, sabon tsarin da kamfanonin Bitwig da u-he suka fitar a 2022. Duk lokacin da irin wannan sauyi ya zo, filogin da rubutunsa ke buɗe yana iya samun wanda zai sake gina shi. Na kulle ba shi da wannan hanyar.

Na ce "yana iya samun", ka lura. Buɗe rubutu ba alkawari ba ne. Akwai waɗanda aka saki, ba wanda ya waiwaye su. Kafin ka ɗauki kowanne, leƙa shafinsa, galibi a GitHub, dandalin intanet da ake ajiye rubutun asalin manhajoji, ka duba yaushe aka yi masa gyara na ƙarshe, kuma masu kai ƙorafi ana amsa musu ko shiru ne.

Ni kaina na sha wannan. Wani mawaƙi ya dawo mini bayan shekaru yana son a ɗaga muryarsa a wata tsohuwar waƙar biki. Na buɗe aikin, komai ya fito: ganguna, murya, amshi. Layin da ke ɗauke da ruhin waƙar, wani sauti mai kama da sarewa, shi kaɗai ya yi shiru, sai ɗan akwati a allo yana cewa ba a ga filogin ba. Na yi shi ne da wani filogin na kyauta mai kulle, shafin masu shi ma ya ɓace daga intanet. Na kwana ina lalube a wasu sautukan, yana zaune a bayana yana girgiza kai, yana cewa "Malam, ba shi ba ne." Kuma gaskiyarsa, ba shi ba ne.

Wani abu da zai yi maka amfani musamman: Surge XT yana karɓar fayilolin Scala, waɗanda ke ba ka damar sauya tazarar da ke tsakanin muryoyin allon kiɗa. Kunnen da ya saba da goge ko algaita ya san cewa sautinsu ba ya zama daram a kan matakai 12 na fiyano. Da wannan za ka iya daidaita filogin ya bi makaɗin da ka naɗa, maimakon ka matse makaɗin ya bi na'ura. Filogin masu tsada da yawa ba su da wannan.

Sai maganar da ba ka tambaya ba amma na san tana nan. Mun san yadda filogin da aka fasa makullinsu ke yawo daga filashi zuwa filashi a tsakanin masu situdiyo. Ina roƙonka ka bar su, ka ɗauki na kyautar nan daga shafin masu su kai tsaye. Kada ka karɓi kwafin da wani ya sake ƙunshewa, domin ta nan ake cusa wa kwamfuta cuta, kwamfutar nan kuwa ita ce jarinka.

In ka sauke, ka ajiye fayil ɗin sakawa a wani faifai daban tare da lambar sigarsa. Wannan ya shafi Surge ma: FL Studio yana ganin tsohon Surge da Surge XT a matsayin filogin biyu daban, don haka aikin da aka yi da tsohon sai da tsohon zai buɗe, ko da yake za ka iya saka su biyun a kwamfuta ɗaya. Duk waƙar da ka gama kuma, kafin ka miƙa wa mai ita, ka fitar da kowane layi a matsayin sauti na WAV, ka ajiye su a jaka ɗaya da fayil ɗin aikin.