Kafin ka biya kuɗin kwas ɗin Japananci na intanet

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki da jin kana gab da kammala bautar ƙasa lafiya. Ka ce burinka ka zo Japan yin digiri na biyu, in hakan bai yiwu ba ka nemi aiki. Ka ce ka ga tallan wani kwas na koyon Japananci a Facebook wanda kuɗinsa na shekara ya kai alawus ɗinka na wata uku, kana tambaya ko ka biya.

Kada ka biya yanzu. Akwai inda kashe kuɗi yake da amfani a koyon wannan harshe, zan kuma nuna maka wurin, amma ba a farkon tafiya yake ba.

Abin da za ka fara da shi shi ne haruffa iri biyu, hiragana da katakana, kowanne guda 46. Wannan aiki ne na littafi da biro, kamar yadda muka koyi babbaƙu da farfaru a makarantar allo: ka rubuta, ka karanta da ƙarfi, gobe ka sake. Mai himma zai gama cikin 'yan makonni. Bidiyon da aka sayar maka da dala ba zai sa hannunka ya saba da wuri ba.

Daga nan kuma, kayan karatu mafi inganci na mafari kyauta suke. Japan Foundation, hukumar da gwamnatin Japan ta ɗora wa yaɗa harshe da al'adun ƙasar, ta fitar da littafin Irodori a 2020, ana sauke shi kyauta tare da muryoyinsa. An rubuta shi ne don baƙin da za su zauna a nan, saboda haka darussansa na rayuwa ne: sayayya, zuwa asibiti, gaisawa da abokan aiki, tambayar hanya a tashar jirgin ƙasa. Ka sauke shi sau ɗaya a waya, ko babu wuta ko data ta ƙare karatunka na tafiya. Hukumar tana kuma da dandalin Minato, inda ake bin kwas ɗin Marugoto ba tare da biyan ko kwabo ba. Don haddar kalmomi akwai manhajar Anki, kyauta ce a kwamfuta da wayar Android. In ka ɗan yi nisa, gidan rediyo da talabijin na NHK yana wallafa labarai cikin sauƙaƙan Japananci a shafin News Web Easy. Yawancin kwasa-kwasan kuɗi da na leƙa, darussan nan ne dai aka jera aka yi musu ado.

Abin da ke kayar da mutane ba rashin kayan karatu ba ne, tsawon hanyar ne. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Japananci a rukuni mafi wuya ga mai jin Ingilishi, tare da Larabci, ta kuma kiyasta masa awa 2,200 na zaman aji. Haruffan kanji, wato waɗanda aka aro daga rubutun Sinanci, da gwamnati ta tsayar don amfanin yau da kullum guda 2,136 ne, kuma da yawansu ana karanta su ta fuska biyu ko fiye. Don haka duk wanda ya ce maka cikin wata uku za ka iya harshen, kuɗinka yake so. Mutum kan biya da zafin nama, ya yi mako shida, hidima ta sha kansa, katin banki kuma ya ci gaba da fitar da dala duk wata, domin yawancin irin waɗannan shafuka suna sabunta rajista da kansu in ba ka soke ba. Fara gwada kanka da na kyauta. In ka yi wata uku kana zama awa ɗaya kullum, to ka san in ka biya ba asara za ka yi ba.

Yanzu ga inda nake ganin kuɗi yana aiki. Malami mai rai, wanda zai saurare ka ya gyara maka baki. Jarrabawar JLPT, wadda ita ce ma'aunin da kowa ya sani, matakai biyar gare ta, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1, amma karatu da sauraro kawai take aunawa, babu magana a cikinta. Shi ya sa za ka tarar da mai riƙe da takardar N2 yana gumi in aka ce ya buga waya asibiti ya nemi ganin likita. Magana ba ta samuwa sai da yin ta. A shafuka irin su italki ana biyan darasi ɗaya-ɗaya, kai za ka zaɓi malami, in bai yi maka ba ka sauya. Darasi ɗaya a mako, bayan ka gama littafin farko na Irodori, ya fi maka kwas na shekara wanda babu mai jin muryarka a ciki. Ka tuna Japan tana gaban Nijeriya da awa 8, wato ƙarfe 6 na safe a Kano 2 na rana ne a Tokyo, saboda haka bayan asuba lokaci ne mai kyau, ga gari shiru.

Za ka yi mamakin yadda bakin Bahaushe yake saurin kama lafazin. Wasulansu biyar ne irin namu, suna bambanta dogon wasali da gajere, suna ninka baƙi, kuma hawa da saukar murya kan sauya ma'anar kalma. Turawa suna shan wuya a nan, mu kuwa da shi muka tashi. Inda za ka buƙaci mai gyara shi ne ginin jimla, domin aikatau a ƙarshe yake zuwa, sai kuma keigo, salon girmamawa da ake yi wa shugaba, malami ko mai saye. Mu ma muna da ladabin magana da manya, amma nasu ya shiga cikin nahawu sosai, har aikatau ɗin kansa yakan sauya.

Kanji kuwa, in ka ga Anki ba ta riƙe ka ba, WaniKani yana da tsari mai kyau na matakai 60, ukun farko kyauta. Gama ukun tukuna kafin ka yanke shawara.

Wuri na biyu da biya yake da dalili shi ne in ka zaɓi shigowa ta makarantar koyon harshe. Makarantun sukan nemi shaidar ka ci N5 ko ka yi karatun awa 150 kafin su nema maka izinin zama daga hukumar shige da fice. Amma kafin ka biya kowa saboda wannan takarda, rubuta wa makarantar ka tambaya ko suna karɓar shaidar wannan kwas ɗin, su ba ka amsa a rubuce. Ka kuma sani hanyar tana da tsada: kuɗin makaranta na shekara ya kan haura yen 700,000, ban da haya da abinci, kuma doka ta taƙaita wa ɗalibi aiki zuwa awa 28 a mako. Ba zan ba ka shawarar ta ba sai in akwai mai ɗaukar nauyinka da gaske.

Tunda digiri na biyu kake nema, hanyar da ta fi dacewa da kai ita ce tallafin karatu na gwamnatin Japan da ake kira MEXT, wanda ake nema ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja, ba a kuma biyan komai wajen nema. Yana ɗauke da kuɗin makaranta, tikitin jirgi, da alawus na sama da yen 140,000 a wata ga masu bincike. Wanda harshensa bai kai ba akan ba shi wata shida na koyon Japananci bayan ya iso, kuma jami'o'i da yawa suna da digiri na biyu da Ingilishi. Akwai kuma shirin ABE na JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, wanda aka sanar a 2013 don matasan Afirka, karatu ne haɗe da sanin makamar aiki a kamfanoni. A duka biyun, abin da ya fi nauyi shi ne sakamakonka da tsarin binciken da ka rubuta. Kuɗin nan da kake son zubawa a kwas, fasfo da takardun sakamako na jami'a da motar zuwa Abuja sun fi buƙatarsa.

Batun aiki kuma, ina roƙonka ka yi hattara. Bizar ƙwararrun ma'aikata da aka fara a 2019 tana neman N4 ko jarrabawar JFT-Basic, tare da jarrabawar sana'a. Aikin ofis kuwa kamfanoni da yawa N2 suke tambaya. Satifiket ɗin wani kwas na intanet ba ya maye gurbin ko ɗaya. Na san ka ji labarin garin Kisarazu na nan Japan a watan Agustan 2025, lokacin da aka yaɗa cewa Japan ta ware wa 'yan Nijeriya gari da biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta musanta, JICA kuma ta janye shirinta na ƙulla zumunci tsakanin wasu garuruwan Japan da ƙasashen Afirka, wanda daga shi jita-jitar ta taso, baki ɗaya a watan Satumba. Duk wanda ya haɗa maka kwas da alkawarin biza a farashi ɗaya, ka rabu da shi. Abin yana ci mini rai, domin masu faɗawa hannunsu yawanci yaran da iyayensu suka sayar da fili ko dabbobi ne.

In Allah ya kawo ka, garuruwa da yawa a nan suna da ajin Japananci na 'yan sa-kai, kyauta ko da kuɗi kaɗan, a ofishin gari za ka tambaya. Tun yanzu dai ka sa kanjin alade da na giya cikin waɗanda za ka fara haddacewa, domin daga ranar farko za ka riƙa juya kwalin abinci a kanti kana duba abin da aka haɗa shi da shi.

Sauke Irodori a makon nan. Ka kuma turo mini fannin da ka karanta da abin da kake son bincike a kai, mu duba malaman jami'o'in da ya kamata ka rubuta wa kafin ofishin jakadanci ya buɗe karɓar takardu. Ka gaida su Baba da mutanen gida.