Murya: amsar tambayar haɗa kwamfutar situdiyo da kuɗi kaɗan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan amsa ce ga ɗan'uwanmu da ya turo tambaya ɗazu. Ya ce yana so ya haɗa kwamfutar tebur don haɗa kiɗa da gyaran murya a manhajar FL Studio, abin hannunsa ba yawa, kuma an ce masa sai ya fara sayen katin girafik. To ɗan'uwa, ka ajiye maganar katin nan tukuna. Sauti ba ya bi ta cikinsa ko kaɗan, na masu wasan gem ne da masu gyaran bidiyo. Kuɗinsa ka zuba su a furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da akwatin sauti, wanda ake ce wa intafes, inda ake soka makirufo da sifika.

Bari in gaya maka dalili, don in ka gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne. A ce ga layin muryar mawaƙi, ka ɗora masa EQ, ka bi da kwamfuresa, ka sa Auto-Tune, ka rufe da ribab. Waɗannan fulogin ɗin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, bi da bi suke aiki, na biyu ba ya taɓa sautin sai na farko ya sake shi. Saboda haka kor ɗaya ne, wato ɗaya daga cikin injinan aikin da ke cikin furosesa, yake ɗauke da layin nan daga farko har ƙarshe. In kor ɗin ya kasa gamawa a kan lokaci, sai ka ji sauti yana ƙaraf-ƙaraf, alhali sauran kor ɗin suna zaune ba aikin kirki. Shi ya sa ƙarfin kor ɗaya ya fi yawansu muhimmanci. Tsofaffin furosesa Xeon ɗin nan masu kor goma sha wani abu da ake samu da araha, kada yawan ya ruɗe ka, kowane ɗaya a cikinsu rarrauna ne.

Furosesa biyu zan ba ka ka zaɓa. Ko Ryzen 5 5600G, ko Core i5-12400. Kowacce kor 6 gare ta, kuma kowacce tana fitar da hoto da kanta, ba sai da katin girafik ba. Amma ka lura da harafin ƙarshe, nan mutane suke faɗawa. Ta Intel mai F a ƙarshe, wato 12400F, ba ta fitar da hoto. Ita ma Ryzen 5600 wadda ba G haka take. In ka sayi ɗaya daga cikinsu ba kati, za ka kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin.

Madabod kuma, wato babban faifan da sauran kayan suke hawa kansa, 5600G tana hawa A520 ko B550. B450 ma tana ɗauka, sai dai tsohuwar fita tana iya neman a sabunta mata BIOS, wato manhajar da ke jikin madabod ɗin, kafin ta gane furosesar. Ita 12400 tana hawa H610 ko B660, kuma a nan akwai mai cin RAM irin DDR4, akwai mai cin DDR5, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Ka karanta kwali kafin ka sayi RAM.

RAM 16GB ya ishe ka farawa, amma sanda biyu, 8 da 8, ba sanda ɗaya mai 16 ba, don su yi aiki ta hanya biyu a lokaci guda. In ramuka huɗu ne, yawanci na biyu da na huɗu ake sawa in ka ƙirga daga wajen furosesa. Sannan ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da yake sa RAM ya yi cikakken gudunsa, a wasu madabod DOCP aka rubuta. In ba ka kunna ba, RAM mai 3200 sai ya riƙa tafiya a 2133 ko 2400. Mai amfani da manyan samfuran kayan kiɗa na manhajar Kontakt, irin na goge da ƙaho na okestira, shi ne yake buƙatar 32GB.

Ma'aji, SSD irin NVMe mai 1TB. Murya kanta ba ta cin wuri, minti ɗaya na layi ɗaya a 48kHz da 24-bit bai kai 9MB ba. Samfura da fulogin su ne masu cinye wuri. Had dis mai juyawa ka bar shi a waje don ajiye kwafin aiki, don yana da jinkiri kuma yana ƙara.

Ƙarar nan kuwa ba ƙaramar magana ba ce. In a ɗaki ɗaya kake ɗaukar murya da kwamfutar, makirufon kondensa zai kwashi kukan fanka ya sa maka a cikin waƙa, kuma cire shi daga baya yana ɓata murya. Babbar fanka mai 120mm da ke juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gudu shiru. In ka sayi mai sanyaya furosesa na daban, ka ɓare ledar da ke manne a ƙasansa kafin ka ɗora. Mutane da yawa suna mantawa, sai zafi ya tashi, furosesa ta rage gudu da kanta. Akwatin wuta, wato mai raba wa kayan kwamfuta wuta, 450W zuwa 550W mai tambarin 80 Plus Bronze daga kamfanin da aka sani. Nan kam kada ka yi rowa, don in ya ƙone yana iya tafiya da madabod.

Yanzu intafes. Abin dubawa ba yawan maɓallai ba ne, a'a, ya zama yana da direban ASIO na kamfaninsa, wato manhajar da take haɗa shi da kwamfuta ba tare da jinkiri mai yawa ba. Focusrite Scarlett Solo yana da shi, Behringer UMC202HD yana da shi. Shi kuwa UMC22 da direban gama-gari ASIO4ALL ake lallaɓa shi, ban ba ka shawararsa ba in kana iya ƙarawa kaɗan. Ka tabbata akwai maɓallin 48V mai tura wa makirufo wuta, don kondensa ba ya magana sai da shi.

Sai bafa, wato yawan sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta sarrafa shi, wadda za ka gani a saitin sauti. A 48kHz, bafa 128 jinkirinta kusan milisakan 2.7 ne, 512 kusan 10.7, 1024 ya haura 21. Wannan tafiya ɗaya ke nan, shiga da fita ya ninka har da ɗori. Lokacin ɗaukar murya ka sa 128, ko ka kunna sauraren kai tsaye na jikin intafes, don mawaƙi kada ya ji muryarsa tana dawo masa a makare. Lokacin miksin ka ɗaga zuwa 512 ko 1024, furosesa ta samu sarari. Layin da ya yi nauyi da fulogin kuma ka mayar da shi odiyo, ka kashe na asalin.

In ka gama haɗawa sauti yana tsinkewa duk da haka, kada ka yi saurin zargin kaya. Ka sauke manhajar LatencyMon, ka bar shi yana aiki minti goma zuwa sha biyar, zai nuna maka direban da yake riƙe furosesa. Sau da yawa na Wi-Fi ne. Ka mayar da tsarin wutar Windows zuwa High performance, ka kashe saitin da yake sa USB barci, ka soka intafes a bayan kwamfuta kai tsaye, ba a jikin hob, wato mai rarraba ramukan USB, ba.

Wanda kuma yake jin "zuuu" a sifika ko ba a kunna komai ba, sau da yawa wannan matsalar at ce, wato wayar ƙasa. Kwamfuta da sifika da intafes su sha wuta daga soket guda, kuma wayar da ta tashi daga intafes zuwa sifika ta zama TRS ko XLR, kan TRS zobe biyu baƙaƙe gare shi, mai zobe ɗaya shi ne yake kwaso ƙarar. Kada ka kuskura ka cire ƙafar at ta fulogin wutar lantarki don ƙarar ta tafi, wannan haɗari ne ga rai.

Ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗi ka turo sunan madabod da RAM ɗin da ka zaɓa a nan, a duba maka ko sun dace da juna. Wassalam.