Tambaya da Amsa: Abarba ta yi tsada kuma koriya take zuwa, in sa mata kabaid?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina riƙe da shagon asir, wato ruwan 'ya'yan itace, a kudancin Jidda, kuma abarba tana cikin abin da aka fi nema a wurina. 'Yan shekarun nan kuɗin katan sai hawa yake, wani makon ma in je halaga, kasuwar sarin kayan marmari, in tarar babu mai kyau. Wadda nake samu koriya ce shar. Wani abokin sana'a ya ce in sa mata kabaid, dutsen nan na masu walda, kamar yadda ake yi wa ayaba a gida Najeriya, kwana biyu ta nuna. Ga azumi yana matsowa, hankalina ya tashi. Abarbar ce ta ragu a ƙasar? Kuma shawarar nan tasa akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema.

Abarba ba ta ragu a Saudiyya ba in aka dubi dogon zango. Ƙasar ba ta nomanta sosai don kasuwa, saboda haka kusan duk abin da ake ci shi ne abin da jirgi ya sauke. Dattawanmu da suka daɗe a nan sun fi sanin ta gwangwani. Ɗanyar ta yawaita ne bayan kwantena masu sanyi sun wadata, sannan a 1996 kamfanin Del Monte ya fito da irin nan mai ruwan zinare da ake kira MD2, wanda ya fi tsohon iri zaƙi kuma ya fi jure tafiyar teku. Yawancin wadda kake gani a halaga daga tsibirin Mindanao na Filifin take, wata kuma daga Kenya ko Kosta Rika.

Tsadar tana da dalilai sanannu. Harajin saye da sayarwa (VAT) ya fara da kashi 5 a 2018, ya koma kashi 15 a Yulin 2020. Daga ƙarshen 2023 hare-haren da aka riƙa kai wa jiragen ruwa a Babul Mandab, mashigar Bahar Maliya ta kudu, sun ɗaga kuɗin dako da na inshora, kuma ta wannan mashigar kayan Asiya ke bi su iso Jidda. Ga Japan da Koriya ta Kudu da Sin suna rububin abarbar Filifin tare da mu. Ita kuwa shukar tana cin wajen shekara ɗaya da rabi kafin ta ba da 'ya'yan fari, don haka manomi ba zai iya ƙara yawanta don azumin bana ba.

Batun kabaid shi ne ya fi damuna, domin kusan kullum sai na ji shi a bakin 'yan kasuwa, kuma na gaji da jin sa. Alhaji, kada ka yi.

Abarba ba ta ƙara zaƙi bayan an yanke ta. Ayaba da mangwaro suna da sitaci a jikinsu, shi ne yake juyewa sukari bayan an tsinke su. Abarba ba ta da wannan ajiyar. Sukarinta daga jikin uwar shukar yake shigowa a makonnin ƙarshe, ranar da wuƙa ta raba su kuwa an rufe ƙofa. In ka zuba mata kabaid, iyakar abin da za ka samu shi ne ɓawo ya ɗan yi rawaya, ciki yana nan yadda yake, sai dai ta yi saurin lalacewa. Haka ma masu kifa ta kai ƙasa wai zaƙi ya gangaro, ɓata lokaci suke.

Kuma koren ɓawo ba ya nufin ɗanya ce. A ƙasashe masu zafi cikin abarba yakan nuna tun ɓawon yana kore. Masu fitar da ita da na'ura suke auna sukarin ruwanta kafin a loda, ba da ido ba. Sau da yawa wadda kake raina wa launi ta fi rawayar daɗi.

To me ke cikin kabaid ɗin? Dutsen masu walda ne. In ya ji danshi sai ya fitar da iskar da ke kama wuta, ga ka da ɗan sito a rufe, ga zafin Jidda, ga wayoyin firij. Wanda ake sayarwa a kasuwa kuma yana ɗauke da gurɓin arsenik da fosforas, dukansu guba. Mai aiki da shi yakan yi fama da ciwon kai da jiri, garinsa yana ƙona baki da maƙogwaro. Dubi ɓawon abarba da ramukan idanunta: garin yana maƙalewa a ciki, wanki ba ya fitar da shi duka, wuƙarka ta kwasa ta kai cikin naman abarbar, ka markaɗa ka miƙa wa mai azumi da cikinsa ba komai, ko yaron da uwarsa ta saya masa. A gida hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan wannan, Indiya ta haramta shi. A nan kuwa in baladiyya, wato hukumar birni, ta same shi a shagonka, ka san abin da zai biyo baya ga shagon da kuma iƙamarka, takardar izinin zamanka.

Wani zai ce ai manoman abarba da kansu suna amfani da shi. Gaskiya ne wasu suna sa shi a tsakiyar ganyen shuka don ta yi fure, amma wannan wata biyar zuwa shida ne kafin a sami abin yanka. Wanda ya ji rabin zancen ya ɗauko shi ya kawo sito, ya cuci mutane da jahilcinsa, kuma yana yaɗawa a WhatsApp kamar ya san wani abu.

Ko da babu guba a ciki, canza wa kaya launi don mai saye ya zaci sun nuna algus ne. Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. A ƙasar da aka faɗi wannan magana muke neman abinci.

Abin da zai tsare maka jari shi ne zaɓe da ajiya. A halaga ka nemi a fasa maka ɗaya daga cikin katan ka ɗanɗana. Ka ɗauki mai nauyi a hannu, mai ƙamshi a gindi, ba mai warin tsami ba. Ka ajiye ta tsakanin digiri 7 zuwa 10. In sanyin ya yi ƙasa da digiri 7, musamman ga wadda ba ta gama nuna ba, cikinta yana yin baƙi-baƙi kusa da zuciya alhali waje lafiya lau, shi ne asarar da da yawanku ke ɗora wa dillali. Ta azumi kuma, tun cikin Sha'aban in ka dace da mai zaƙi a farashi mai sauƙi, ka fere ka yanka ka daskarar a leda mai tsabta, ka rubuta kwanan wata a jiki.